Ɗakin Majigi

"Ba a shiga, Baba," in ji maigadin, ya gitta sandarsa a ƙofar. "Sito ne."

"Mun san sito ne," Zarami ya ce. Hannunsa na riƙe da ƙugun maƙwabcinsa Jumare, wanda ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Tun daga Gashuwa ya tallafo shi a motar haya. Tun da likita ya ce ƙodarsa ta gama aiki, Jumare bai roƙi komai ba sai a kai shi Nguru ya leƙa ɗakin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana haska fim.

Tsohuwar silimar tana nan, an buga mata rufin kwano, an shafe sunanta da farin fenti. 'Yan dako suna ta shige da fice da buhunan riɗi.

Ana cikin haka Mahfuz ya fito, ɗan marigayi Alhajin da ya mallaki silimun Nguru da Gashuwa da Haɗeja. Ya ɗan rusuna.

"Baba Jumare ne? Sannu da jiki."

"Yawwa, ɗan Alhaji. Ɗakin majigi kawai zan leƙa. Ba zan taɓa komai ba."

Mahfuz ya dubi 'yan dakon, ya rage murya. "Baba, ka san Alhaji ya tuba daga wannan harka kafin ya rasu, har masallaci ya gina. In aka gan ka a nan, tsohuwar magana za ta tashi. Kai, ku kawo musu kujera nan waje."

Aka kawo kujerar. Jumare bai zauna ba.

"Shi ya tuba, ya mutu Alhaji," ya ce a hankali. "Ni da na haska masa, har gobe Jumare Silima ake ce min. Zarami, mu tafi."

A hanyar komawa, da suka wuce Jajimaji, Jumare ya fara magana, kansa jingine da gilashin mota.

"In fim ya tsinke, ni ake zagi. Gida cike, kowa yana ambaton uwata. In na haɗa ya dawo, sai a tafa wa ɗan Indiya." Ya yi 'yar dariyar da ta ƙare da tari. "Ka san ban taɓa kallon fim a zaune ba? Ta wata 'yar kafa nake leƙe, a tsaye."

Zarami ya matso kusa da shi. Ya gyara masa hula kawai.

Ranar wata Alhamis da hantsi, Zarami yana shanya kifi a tsakar gidansa, sai ya ji muryar Fanne, matar Jumare, ta kan katanga.

"Malam Zarami, zo ka duba min shi. Na kira bai amsa ba."

Ya same shi kwance a gefensa na dama, kunun da aka dama masa ya yi sanyi a kwano.

Sahu biyu bai cika ba a jana'iza. Da aka dawo aka zauna gaisuwa a ƙofar gida, Bilya mai shagon atamfa ya shafa addu'a ya ce, "Allah dai ya yafe masa. Yaran da ya ɓata wa tarbiyya a ƙasar nan ba su ƙirguwa."

Wasu suka ce amin. Zarami ya juya ya dubi Bilya.

"Bilya," ya ce, "lokacin da kake haura katanga don ka kalli rawar Indiya, shi ya ɗora ka?"

Bilya ya miƙe ya zura takalmi, uku suka bi shi, tabarmar ta ƙara faɗi. Daga Nguru ba wanda ya zo, ba wanda ya aiko.

Bayan la'asar Zarami ya naɗe tabarmin ya yi sallama ya shiga da su. Fanne tana zaune a bakin ɗaki cikin mayafi, carbi a hannunta ba ta ja. A gindin darbejiya, kajin gidan sun kewaye wani faffaɗan gwangwanin fim mai tsatsa, suna tsattsagar dusa a ciki.