Kafson Mama Rediyo

Cokali na uku ke nan mai kemis ya kai bakinta, ta kau da kai ta koma kallon bango. Yogot ɗin ya ɗiga a kan tawul ɗin da 'yarta Auta ta shimfiɗa mata a ƙirji. Ya goge, ya sake ciko cokalin.

"Mama, ko rabi ne, ki daure."

Ko kallo bai ishe ta ba. Matar da duk layin ke kira Rediyo ke nan fa, wadda in ta buɗe baki da safe sai ka rasa inda ake kashe ta. Shekara talatin tana ɗinka kayan 'yan makaranta a ɗakin da ke bayan shagonsa, bango ɗaya ya raba su, famfo ɗaya suke ɗiba. Keken na ƙara, bakinta na ƙara, ba wanda ke jiran wani. Yanzu wata biyar ke nan ta yi gum, keken ma an rufe shi da tsohon labule.

'Ya'yanta suka ce tsufa ne. Wata maƙwabciya ta ce kewar mijinta ce, alhali mijin shekararsa goma sha biyu da rasuwa, kuma ko lokacin shirunta bai kai kwana uku ba. Mai kemis dai bai tofa tasa ba.

Abin da ya sani shi ne, shekara uku cur, duk ranar da cikinta ya yi ƙugi ko ya murɗa, sai ta shigo shago ta zauna a kan kwalin audugar da ke bakin ƙofa. Ta ba shi labarin wanda ya sayi firji da wadda ta yi yaji, sannan ta ce, "Dakta, ba ni ja-da-baƙi." Shi ba dakta ba ne, kuma ya san kafson nan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, ba a bayar da shi sai da takardar likita. To amma wa zai iya da bakin Rediyo? Sai ya sa almakashi ya yanko mata guda shida, ya juya bayan katin ya rubuta kwanan wata da shuɗiyar maka, alƙalaminsa mai kaurin baki. Shi mutum ne mai tsari, ko maganin ciwon kai ya sayar sai ya rubuta.

Gudawa ce ta fara kama ta, ta tafi ta dawo. Daga nan kumburin ciki, sai ƙin abinci, sai kuka ba dalili, sai shirun.

Ranar da za a kai ta asibiti Auta ta roƙe shi ya raka su, wai shi ya fi jin yaren likitoci. Auta ita ce ƙaramar 'yarta, malamar firamare, ita ta dawo gidan da jinya. Likitar, wata yarinya mai tabarau, ta ce zuciyar Mama ta kumbura, kuma wannan ba abin da za a yi sai lallaɓawa. Amma shirun da cikin su suka tsaya mata a rai. Ta yi musu bayani cewa a hanjin kowa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, ba sa ƙirguwa, su ke taya mutum narka abinci, kuma suna aika saƙo har ƙwaƙwalwa ta jini da jijiya. Irin wannan magani in an yawaita shi ba ya tantance na kirki da mugu, duk sharewa yake yi. Ta ce masu bincike ba su gama gano lamarin ba, don haka ba za ta rantse cewa shi kaɗai ne ba, amma ta sha ganin ciki ya lalace rai ya bi bayansa.

"Tana yawan shan maganin kashe ƙwayoyin cuta?"

Auta ta ce ita na hawan jini kawai ta sani, ta juyo ta dube shi. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Ya tsura wa kalandar da ke bango ido.

"Da wuya," in ji shi.

Likitar ta rubuta musu takardar ganin likitan ƙwaƙwalwa, ta ce a riƙa ba ta yogot marar sukari, da wake, da ganye, da 'ya'yan itace.

Tun daga ranar mai kemis ya zama mai yogot. Ya ce na kanti duk sukari ne, ya koyi haɗa nasa: ya tafasa madara, ya bar ta ta huce, ya zuba cokali biyu na jiya, ya naɗe kwalbar da rigar sanyi. Matarsa ta ce shekara ashirin bai taɓa dafa mata ko ruwan shayi ba, yau ga shi yana lulluɓe kwalba kamar jinjiri. Kullum da safe kafin ya buɗe shago yana ɗakin Mama da cokali a hannu, kullum kuma da niyyar yau zai faɗa wa Auta gaskiya. Sai ta yi masa godiya, ta ce da ɗan'uwa na nesa gara maƙwabci irinsa, shi kuma ya fasa faɗa. Kunya ce ke cin sa, da tsoron kada a hana shi shiga ɗakin.

A mako na uku Mama ta fara karɓa. A na biyar gudawar ta tsaya. Ƙafafunta kuwa sai ƙara kumbura suke, numfashinta na yin sama.

Wata Talata a mako na bakwai, yana cikin goge mata haɓa, ta juyo daga bangon ta ƙare masa kallo.

"Dakta, ba ni ja-da-baƙi."

Saura kaɗan cokalin ya suɓuce masa. Auta ta daskare a bakin ƙofa da bokiti a hannu.

"Ya ƙare, Mama. Ba a kawowa yanzu."

"Ƙarya kake, ɗan nan. In kana ƙarya kunnenka motsi yake yi."

Daga nan fa aka kunna. Ta ce yogot ɗin nan tsaminsa zai iya tsinka zare. Ta tambayi wanda ya rufe mata keke da labulen banɗaki. Ta ce mai janareton da ke bene, in Allah ya yarda, sai ya kwana a cikinsa. Muryar ta dishe, tana yi tana hutawa, amma ta kai minti goma sha biyar. Auta na dariya tana share hawaye da bakin gyale.

Ranar Alhamis da hantsi, yana auna wa wani direba hawan jini, ya ji kukan Auta ta bango. Ya gama awon, ya faɗa wa mutumin lambar, sannan ya kulle shagon. Mama ta cika, likita ta ce zuciyar ce.

Bayan mako guda, da masu gaisuwa suka ɗauke ƙafa, Auta ta shigo shagon da babban gwangwanin madara, ta ajiye a kan teburin shagon. Ta ce Mama ba ta iya zubar da komai ba, ko zare ne. Ya buɗe. Katunan kafso ne da aka shanye, cike har baki, kowanne da kwanan wata da shuɗiyar maka.

"Yau kika gan shi?" ya tambaya.

"Ranar da muka dawo daga asibiti, Yaya. A ƙarƙashin gadonta."

Ya ji kunnuwansa sun ɗauki zafi.

"To me ya hana ki yi mini magana?"

"Daga hannunka kawai take ci."

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ciro kwalbarsa daga jaka, a wanke, da cokalin a ciki, ta ajiye kusa da gwangwanin. Ta ce za ta makara, ta fita.

Ya daɗe a tsaye. Rana ta shigo ta ƙofa ta sauka a kan kwalin audugar, wanda tsakiyarsa ta lotsa saboda zama.