Hannun da Lina Ke Cin Tuwo

A shekarar 1994, a Villeurbanne kusa da Lyon, Raliatou ta saba ganin Tomoe durƙushe a tabarmar falonta tana zane. 'Yar Japan ce, sana'arta ke nan: marubuci ya kawo labari, ita ta yi masa hotuna. Wannan karon Hamani, mijin Raliatou, shi ya rubuta, labarin wata yarinya da kakarta a Damagaram. 'Yarsu Lina aka zana, da wushiryarta, da sunanta.

Tomoe ta jera hotunan yadda ake yi a ƙasarsu, daga dama zuwa hagu. Kamfanin da zai buga a Paris kuwa ya juya kowane shafi kamar a madubi, don Faransawa su karanta yadda suka saba. Da samfurin ya iso, Raliatou ta buɗe. Ga Lina tana cin tuwo da hagu. Ga ta tana miƙa wa kakarta ruwa da hagu.

"Baban Lina, wannan za ka aika wa Hajiya, kakarta, a Damagaram?" in ji ta. "A ce na zo Faransa na lalata yarinya?"

"Raliya, zane ne fa."

"Zane mai sunanta. Kai ina ruwanka, ai ba uba ake zagi ba."

Tomoe, da ke nan falon tare da su, ta daɗe tana kallon shafin. "Na gane," ta ce. "Mu ma, in aka juya gaban riga haka, ɓangaren dama a kan na hagu, gawa ake sa wa."

Hamani ya ja matarsa gefe. Ya ce littafin Tomoe na farko ke nan a Faransa, in ya makara ba za su sake nemanta ba. Raliatou ta san haka. Ta koma falo wajen Tomoe.

"Ba na so ki rasa aikinki, Tomoe. Amma ba zai fita haka ba."

Tomoe ta hau jirgin ƙasa zuwa Paris. Editan ya yi dariya, ya ce wa ke duban hannu? Ta nace sai ta sake zanen. Ya bar ta, ya ɗage fitar littafin, aikin da ya yi mata alkawari na gaba kuma ya ba wani.

Kafin littafin ya fito, Tomoe ta koma Osaka, tana yi wa wani mai zane aiki, tana cika masa hotuna da baƙar tawada. Hamani ya daina zancen rubutu a gidan. Da littafin ya fito, Lina na cin tuwo da dama, Raliatou ta naɗe kwafi ɗaya cikin atamfa, ta ba wani mai tafiya Damagaram ya kai wa Hajiya. Nata yana saman kabad, ta kasa buɗe shi.