Takalmin Farko na Mushe Tahiru

Mushe Tahiru, kamar a ce Malam Tahiru da Faransanci, ya ajiye aikin duwan, wato kwastan, gemu fari fat, sai ya ce shi dukanci zai koya. Wai zaman gida ya ishe shi! Ya je unguwar Zango ya durƙusa gaban baduku Suma'ila.

A rumfar Suma'ila akwai ƙa'ida: ba a ba mai koyo basillar kansa sai maigida ya sa takalmin da ya fara ɗinkawa ya taka. To, na Tahiru kam sai addu'a, ɗaya na kallon gabas, ɗaya na kallon garin Dogo. Kullum Suma'ila sai ya ce, "Gobe, Mushe." Abin ya ci wa Tahiru rai ƙwarai.

'Yarsa Lubna, mai koyar da Ingilishi a makarantar lise, ta same shi yana huci.

"Baba, Turawa na da kalma, mastafis. Yau aikin da ya fi kowane kyau suke nufi, amma asalinta aikin da mai koyo ke kai wa gwanaye ne su duba, in ya yi ya shiga sahunsu."

"In sun ƙi dubawa fa?"

"Wannan ba a rubuta ba."

"To, ni zan rubuta."

Ranar Juma'a ana sallamewa Tahiru ya yi wuf ya fita. Suma'ila ya fito, takalminsa ya ce ɗauke ni inda ka ajiye. Ga rana, ƙasa kamar kasko.

"Subhanallahi, ɓarayi har masallaci!" in ji Tahiru, yana tuɓe waɗanda ya ɗinka daga ƙafarsa. "Maigida, sa waɗannan."

Suma'ila ya dube shi, ya sa. Sannan ya kama tafiya a hankali. Ya tsaya ya gaisa da mai nama, ya tambayi ɗan kabu-kabu lafiyar kakarsa, har farashin gero ya tsaya ji. Tahiru na baya ba takalmi, yana ɗaga ƙafa yana saukewa, yana tsine wa gero a zuci.

Da suka isa rumfa Suma'ila ya tuɓe, ya juya takalman.

"Na dama ya yi. Na hagu cizo yake, gobe ka farke shi." Ya miƙa masa basilla.

Tahiru ya karɓa da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa don murna.

"Yanzu fito min da nawa daga cikin rigarka. Haba, Mushe! Duk zamanka a duwan ba ka koyi ɓoye kaya ba?"