Rigunan da Obadiya Ya Tuɓe

Maganar da ta karaɗe Gembu ita ce wai Obadiya, dikon cocin unguwarsu, a buge ya mutu. An tsince shi da safe a gefen hanyar Dorofi, ba riga ba takalmi, bakinsa na warin ogogoro. Matan wurin niƙa suka ce iskokan dutse ne suka tuɓe shi. 'Yan acaɓan tasha, abokan sana'arsa, suka ce babu wata iska, mashayi ai ba ya tuba, hutu kawai yake ɗauka.

Malama Keziya, uwarsa, duk ta ji. Ta tsufa tana koyar da 'ya'yan garin nan, ta san yadda magana ke barin aji ɗaya siririya ta isa aji shida da ƙaton ciki. Ba tsegumin gari ne ya hana ta cin abinci ba, Damaris ce. Matar Obadiya ko a bakin kabari ba ta zubar da hawaye ba. Sa'ad da ta aure shi mashayi ne na gaske, ta sha wanke amansa, har ranar da ya durƙusa a gabanta ya rantse ya daina. Ya kuwa daina, yaransu suka tashi ba su taɓa ganinsa da kwalba ba. Yanzu Damaris ta ce ashe yaudararta ya yi ta yi. Da an tashi zaman makoki za ta kwashe yara ta koma Warwar wurin iyayenta, kada kowa ya ƙara ambata mata sunansa.

Keziya ba ta ce ɗanta ba zai aikata ba. Ta san zai iya. Rigunan ne suka tsaya mata a rai. Ta ga mashaya iri-iri, marigayi mijinta ma yana cikinsu, kuma duk wanda ta gani cikin ruwan Agusta ƙudundunewa yake yi, ba tuɓewa ba.

Ta ɗora rigar sanyi kan rigar sanyi, ta sa aka kai ta rugar Njobɗi, makiyayin da ya tsinci gawar. Ya so ya tsaya ga ta'aziyya, ta ce masa ta karɓa, ya nuna mata wurin. Suka bi sawun shanu cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, gajimare ya sauko har ba a ganin itatuwan turaren da ke gaba. Ya nuna mata inda ya ga jakit, can gaba rigar ciki, can kuma takalmin roba guda. Gawar kuwa ƙarƙashin wani dutse ya same ta, Obadiya ya cusa kansa cikin wani rami kamar mai neman ɓuya.

Ta tambaye shi warin giya. Ya sunkuyar da kai ya ce akwai, ba zai yi mata ƙarya ba.

"Amma Iya, ba shi ne na fara gani haka ba. Wata damina ƙanena ya ɓata da maruƙa. Tsirara muka same shi, rigarsa a kan ƙaya. Shi kuwa ban da nono bai san komai ba."

Ta tambaye shi me suka ce ya kashe yaron. Ya ce iska suka ce, me za su ce?

Daga nan ta wuce rumfar Rufina, inda masu dawowa daga kasuwar Dorofi ke fakewa, ta tarar da babur ɗin Obadiya a jingine. Buhunan waken da ya ɗauko har sun fara tsiro. Rufina ɗalibar Keziya ce a da, ta tsere daga aji huɗu ta yi aure. Tana hango tsohuwar ta tura kwalaben ƙarƙashin tebur da ƙafa.

"Bar su, Rufina. Tun kina ɓoye gyaɗa a aljihu ba ki iya ɓuya ba."

Maza biyun da ke benci suka yi dariya, sai suka gane ko wace ce, suka ajiye kofunansu suka fice cikin yayyafi.

Da farko Rufina ta ce ita ba ta san komai ba, mutane da yawa ke wucewa. Keziya ta zauna, ta ce ba ta zo da 'yan sanda ba, ba ta zo da fasto ba, uwa ce ta zo ta ji yadda ɗanta ya yi yinin ƙarshe. Daga nan bakin Rufina ya buɗe.

Ta ce da la'asar ya iso yana tura babur. Ruwa ya shiga injin tun a rafin can ƙasa, ya yi ta turawa kan hawa, ruwa na dukansa, iska na bi. Ya shigo haƙoransa na kaɗawa har ana ji daga waje. Ya nemi shayi. Itacenta duk ya jiƙe, hayaƙi kawai murhun ke yi, tukunya ta ƙi tafasa. Ta miƙa masa kofin ogogoro kamar yadda take yi wa kowa, don ya kori sanyin. Ya ture kofin, ya ce shi da wannan sun rabu.

Ya zauna da jiƙaƙƙun kayansa yana jiran tukunya. Can ya so ya kwance maɓallin jakit ɗinsa, yatsun suka ƙi kamawa. Aka tambaye shi farashin wake a Dorofi, maganar ta fito a murɗe, harshe na sarƙewa. Ya miƙe sai ya yi tangaɗi ya dafa tebur. 'Yan benci suka ɗauke shi da tsiya, wai dikon ya riga ya cika tanki a wani gidan, a nan ne yake nuna musu tsarki. Wani ya ce a kira masa waƙar coci ko zai tuna hanya.

"Ke fa, me kika ce?"

"Malama, ni na san bai sha ba. Na matso kusa da shi, babu wari. Tausayinsa na ji. Leɓensa ya yi baƙi, idonsa kamar mai gyangyaɗi. Na ce wa Fidelis, ɗaya daga cikin 'yan bencin, ya riƙe min kansa."

"Ya yarda?"

"A lokacin bai ma san me ake yi ba. Da cokali na raba haƙoran."

Rufina ta ce kofi ɗaya na ogogoro ta ɗura masa, ta ƙara rabi. Ba a jima ba karkarwar ta tsaya cak. Kowa ya ce ka gani, maganin sanyi ke nan, kakanninmu ba wawaye ba ne. Shi ma ya ce ya ji ɗumi. Ya dudduba rumfar kamar bai san ta ba, ya ce Damaris ta ɗora tuwo, ba ta son ya huce. Ya fita da ƙafa ya bar babur. Ba wanda ya tare shi, don a ganinsu ya warke. Yana fita tukunyar ta tafasa.

Keziya ta daɗe tana kallon murhun. Ita kanta, da mijinta ya shigo a jiƙe, abin da take cewa ke nan, sha ka ji ɗumi. Ba ta zagi Rufina ba. Ta ce kawai a rufe waken da leda.

A hanyar komawa ta tsaya asibitin gari, wurin wata nas da ita ma ta bi ta ajinta. Ba ta faɗi sunan kowa ba, ta jera abin da ta ji kamar tambayar jarrabawa. Nas ɗin ta ce idan sanyi ya ci jiki, hannu ke fara ƙin aiki, sai harshe, sai ƙafa, har mutum ya yi kama da bugagge. Tsayawar karkarwa ba sauƙi ba ne, jiki ne ya gaji da kare kansa. Giya kuwa tana kwaso ɗan ɗumin da ya rage a ciki ta watsa shi a fata, iska ta kwashe. Dab da ƙarshe wasu kan ji kamar wuta ake hura musu, su yi ta cire kaya. Abin da ake yi shi ne a tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, a lulluɓe shi da busassu, a hana shi tafiya. Keziya ta tuna an koya musu wannan a kwalejin malamai. Ta ɗauka karatun ƙasashen ƙanƙara ne, ta rubuta a jarrabawa ta manta.

Ta tarar da Damaris a ɗaki tana ɗaure kayan yara a zani. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Mama, in roƙo ne kika zo yi, kada ki wahalar da bakinki."

Keziya ta ce ba roƙo ba ne. Ta zauna a bakin gado ta faɗa mata komai, tun daga rafin har cokalin, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Da ta zo kan maganar tuwo, hannun Damaris ya tsaya a kan ƙullin. Ranar ta jira shi har tuwon ya sandare, ta zuba wa kaji tana tsine masa a zuci. Ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa fuska a kan kayan yaran, kafaɗunta suka fara rawa.

Sai da ta yi mai isarta ta ɗago.

"Mama, faɗa min kuma. Ya sha ko bai sha ba?"

"An miƙa masa ya ture. Da ya daina gane mutane aka ɗura masa. Sanyi ne ya kashe shi, yana kan hanyar zuwa gida."