Mutum Takwas

"Ta ƙi, Hala," in ji Taha direban tasi, yana tsaye a bakin kicin da waya a hannu. Haka yake kiran Nasiha, wato gwaggo da Larabci. "Ta ce ba za ta sa hannu ba. Jirgi za ta nema a mayar da gawar zuwa ƙasar Holan."

Nasiha ta saki muciya cikin tukunyar tuwon da take sayar wa alhazai. Abin da ta kwana tana tsoro ke nan.

Jiya bayan la'asar Baba Kabo ya cika, a ɗakin da ke kallon nata, a saman wani tsohon bene a unguwar Jarwal da ke Makka. Kunu ta kai masa, ya kurɓa sau biyu, ya yi shahada, shi ke nan. Yanzu gawar tana asibiti. Tun da fasfon Holan gare shi, ba za a binne shi a Makka ba sai ofishin jakadancinsu ya ba da takarda, su kuma ba za su bayar ba sai 'yarsa tilo, Kabira, ta sa hannu.

Shekara arba'in tsohon nan ya yi a Holan yana aikin ɗaukar akwatin gawa, da baƙin kwat da farar safar hannu. Wata biyu da ya yi maƙwabtaka da Nasiha, ba ranar da bai ba ta labarin ba, har ta haddace. Da farko, in ji shi, coci kan cika a yi ta waƙa. Daga baya aka fara sayar da coci-cocin, wata ta koma shagon darduma, wata wurin motsa jiki. A ƙarshe sukan ɗauki mutum ba limamin coci, ba dangi, daga su huɗu sai ma'aikacin gwamnati yana duba agogo.

"Ba faɗa suka yi da Allah ba, Nasiha," yakan ce. "Mutanen kirki ne. Daina zuwa kawai suka yi, 'ya'yansu suka tashi ba su san hanya ba. Har da tawa 'yar." Da likitoci suka gaya masa kwana ya ƙare, ya yanki bizar umara ya taho. Abu ɗaya ya roƙe ta: kada ta bari a ɗaga shi daga garin nan.

"Kira min ita," Nasiha ta ce, tana goge hannu da zani. Ta riga ta shirya faɗa, ta shirya wa'azi, ta shirya har da Allah ya isa.

Fuskar wata mata ta bayyana a wayar, ba ɗankwali, idanu sun kumbura. Hausarta a karye take, kamar ta yaro mai koyon magana.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Na kira mutane tun jiya. Ni, mijina, yarana biyu, abokan aikinsa huɗu. Mutum takwas sun ce za su zo." Ta ɗaga yatsu ta nuna. "Takwas. Baba ya ɗauki mutane da yawa da ba su da ko ɗaya. Yana dawowa gida ba ya cin abinci. Ba zan bari a yi masa haka ba. A can wa ya san shi? Ke da direba."

Nasiha ta fasa wa'azin. Ashe yarinyar nan ba taurin kai take yi ba, tsoronta da na ubanta ɗaya ne. Tausayi ya kama ta, dariya kuma tana neman ƙwace mata.

"'Yata, kin taɓa zuwa Makka?"

"A'a. Ba na salla, Gwaggo. Baba ya sani."

"Ban tambaye ki salla ba. Nan da awa ɗaya zan kira ki, ki ɗauka."

Ta zura abaya. Taha ya zaro ido. "Hala, Harami za ki? Ana tare mutane a hanya kwanakin nan, ke kuma ba ki da takardar izinin zama."

"Shekara goma sha tara ina ɓuya, yau dai a kama ni. Kashe min gas ɗin nan."

Ta gangara a ƙafa, rana tana dukan ƙeya, ta bi ta gaban otal-otal, ta cusa kanta cikin ayarin wasu mata 'yan Indunusiya, ta wuce 'yan sanda biyu. Ba wanda ya ko dube ta. Ta sami wuri a farfajiya ta yi azahar. Ana sallamewa ta danna kiran, daidai lokacin da lasifika ta sanar da sallar gawa.

Ta ɗaga wayar sama, ta juya ta a hankali. Jama'a suka miƙe gaba ɗaya, sahu bayan sahu, farare da baƙaƙe, har inda ido ya ƙare. Liman ya yi kabbara, wurin ya yi tsit.

Da aka idar ta kara wayar a kunne.

"Wane ne ya mutu?" Kabira ta tambaya da ƙaramar murya. "Minista?"

"Oho. Ba a faɗin suna. Wataƙila mai shara ne. Haka ake yi bayan kusan kowace salla."

"Amma ba su san shi ba."

"Ba sai an san mutum ba."

Sai Kabira ta sake tambaya.

"Zan sami kabarin da zan kai fure?"

"Ba za ki samu ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Dutse kawai ake sawa, babu suna."

Ta ji matar tana jan hanci. Sannan Kabira ta ce, "Ki ce wa direban ya turo takardar."

Nasiha ta zauna daɓas a kan marmara. Wani sanyi ya ratsa ta, ta ji kamar an sauke mata buhun shinkafa daga ka. Ta yi hamdala ta fi sau goma.

Washegari bayan la'asar aka sallaci Baba Kabo tare da wasu gawawwaki shida. Kabira ta roƙi a bar wayar a kunne. Da aka gama ta ce, "Na tashi tsaye, Gwaggo, a falo. Ban san abin da ake faɗa ba."

"Allah ya ga tsayuwar," Nasiha ta ce.

Taha da maza suka wuce maƙabarta, ita ta koma Jarwal. A ranar ta ci tuwo malmala biyu, abin da ta kasa tun shekaranjiya. Abu ɗaya Kabira ta ce a aika mata daga kayan ubanta. Nasiha ta same shi a ƙasan jakarsa, ya yi ɗan ja don tsufa. Ta wanke da sabulu, ta hau soro ta shanya: farar safar hannu guda biyu a kan igiya, ruwa yana ɗiga daga yatsun.