Masu Shara a Cikin Kula

Sati da sati akwatin gilashin nan yana ɗakina babu kifi ko ɗaya, sai ruwan gishiri da duwatsun teku da ɗan injin sola mai juya ruwan. Duk Ajingi an ji labari: wai Zulfa 'yar Malam Abdulmumin ta gama karatun kiwon kifi, ta dawo gida tana kiwon dutse. To, sai me? Na yi bayani har bakina ya gaji. Sabon ruwa guba ne, sai ƙananan halittun da ido ba ya gani sun zauna a jikin duwatsun kafin a saka abu mai rai.

Ana nan sai gansakuka ta rufe gilashin da duwatsun. Ni murna nake yi, don alama ce ruwan ya kusa nuna. Baba kuwa ya leƙo ya toshe hanci, alhali wallahi ba ya warin komai.

"Ki wanke shi da sabulu, ko ranar Juma'a in sa yayanki Tukur ya tuttular da shi a kwata."

Sabulu! Ai kashe komai ke nan. Na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba zan wanke ba. Masu shara suna nan zuwa daga Kano ranar kasuwa."

"Masu me? Wane ƙato ne zai tsallake mini zaure ya shiga ɗakin 'yata?"

Da na so da na warware masa, amma raina a ɓace yake, sai na bar shi a haka.

Ranar kasuwa Baba ya ƙi zuwa gona. Ya zauna a zaure da gorarsa a gefe yana jiran ƙattin. Can sai ga Bala direba da 'yar kula a hannu, ya gaishe shi ya miƙa mini.

"Ina mutanen?" in ji Baba.

Na buɗe kular. Cikin leda, dodon koɗi ne 'yan mitsi-mitsi, da wasu 'yan ƙaguwa masu ɓuya a katantanwa.

"Ga su nan, Baba. Gansakukar ce abincinsu."

Bala ya kwashe da dariya. Baba bai yi ba. Ya biyo ni har ɗaki, ya tsaya a kaina ina ɗiga musu ruwan akwatin kaɗan-kaɗan don su saba da shi. Tun da safe na gwada ruwan, gubar ta sauka. Na ɗauke su ɗaya-ɗaya na ɗora a kan duwatsun. Ɗaya ya manne da gilashi ya fara jan ciki, kamar ba ya so.

"Da wannan tafiyar za su gama kafin Juma'a?"

"Ba za su gama ba. Ni kuma ba zan sa musu hannu ba."

"To magana tana nan. Tukur! Kawo bokiti!"

Na tsaya tsakaninsa da akwatin.

"Jiya ruwa da dutse ne, Baba, da ka zubar ba komai. Yau akwai rai a ciki. Minti nawa za su yi da rai a kwata? Duk wanda ya zubar, shi zai amsa tambayarsu gaban Allah, ba ni ba."

Yaya Tukur, da ya iso bakin ƙofa, ya ajiye bokitin a hankali ya goya hannu a baya.

Baba ya daɗe yana harara ta. Ban sunkuyar da kai ba. Sannan ya juya ya nufi ƙofa.

"Ja'irar yarinya," ya ce. "Kada in ji ɗayansu ya kwana da yunwa a gidana."