Mutum a Gaban Farin Allo

Ana tsakiyar wasan kurket, Zolani mai riƙe da sandar bugu ya sake ɗaga hannu ya ja da baya, mai jifa ya ci burki da ƙwallo a hannu.

"Kyaftin, mene ne kuma?" in ji alƙalin wasa.

"Akwai mutum a gaban allo. Ku ce ya matsa."

Kowa ya waiwaya. Farin allon nan da ake kafawa a bayan mai jifa don mai bugu ya ga ƙwallo sosai, yana nan fayau, ko akuya babu a gabansa. 'Yan kallon garin Mdantsane kuwa ba su iya raga wa mutum ba.

"Tsoho, je ka sayi tabarau!"

Shi dai Zolani yana ganinsa. Dogo ne, ya karkata kafaɗa, irin tsayuwar abokinsa Lungelo sak. Tun suna 'yan makaranta su biyun suke buɗe wa ƙungiyarsu bugun kurket, har ranar da Zolani ya maka wata ƙwallo miƙe, da dukkan ƙarfinsa, ta sami Lungelo a bayan kunne yana tsaye a ɗaya ƙarshen wurin bugun. Bai kai asibiti ba. Kowa ya ce ƙaddara ce, har mahaifiyar mamacin. To, faɗa ai ba ta da wuya.

Jifa na gaba bai ma ga wucewar ƙwallon ba, sai ƙarar sandunan da yake karewa ya ji a bayansa, an fitar da shi ke nan.

Matarsa Nomfusi ba ta bari ya cire fararen kayan wasan ba, ta tura shi cikin motar haya sai asibitin ido. A hanya ya ji wani sanyi a ransa. Yanar ido ce ta kama shi, tabbas. Mahaifinsa ma haka ya yi ta ganin inuwa kafin a kankare masa. Wallahi da murna zai ajiye muƙamin kyaftin ɗin, in dai ido ne.

Likita ta haska dama, ta haska hagu, ta sa ya karanta har ƙananan baƙaƙen ƙasa.

"Baba, ina ma nawa idon ya kai naka," ta ce tana dariya. "Garau suke. Ranar Asabar ka koma fili."

Nomfusi ta tafa hannu. "Ka ji ko, baban yara? Mun gode Allah!"

Zolani bai tashi daga kujerar ba. Ya riƙe hannuwan kujerar gam.

"Likita," ya ce a hankali, "don Allah ki sake dubawa."